Ɗaliba Ta Goma Sha Tara

Litinin, 3 ga Maris

Malam Ƙarami,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai tarin yawa gare ka, da mai ɗakinka, da yara. Ina fata takardar nan ta same ku cikin ƙoshin lafiya. Mu nan sai godiya, in ka ɗebe gwiwata ta hagu da ke yi mini gardama kowace safiya. Likita ya ce in daina hawa tsani. Na ce masa shekara huɗu rabona da tsani, gwiwar ce labari bai kai gare ta ba.

Na san yanzu Jagoran 'Yan Adawa ake ce maka, ina ji a rediyo. Ka yi haƙuri da bakina. Yaron da ya kama hannuna yana ɗan shekara goma sha tara, ni ina da arba'in da biyar, ya nuna mini cewa ba a riƙe fensir kamar guduma, sunansa Malam Ƙarami a wurina har in koma ga Allah. In wani ne ke buɗe maka wasiƙu, to ya sani ni kawunka ne kafinta. Mahaifiyata da kakarka ta wajen uwa ciki ɗaya suka fito, kuma a ɗakin bayan shagona ka yi shekara huɗu kana karatu da rana, kana koyar da mu a ajin yamma.

Yanzu ka zauna, in a tsaye kake. Auta ta haihu! Na sake rubutawa don kada ka ce idonka ne: Auta ta haihu. Mace, ranar Alhamis da hantsi, bayan shekara goma sha ɗaya da aure. Wannan Autar dai da take sace maka alli tana zana kaji a ƙofar ɗakinka, wadda ita ce ta farinmu, ita ce autarmu. Da nas ta miƙo mini jaririyar, hannun nan da ya yi shekara hamsin yana ja da zarto sai ga shi ya rasa ta inda zai riƙe ta. Nas ta ce, “Baba, zauna tukuna, kada mu kwantar da mutum biyu.”

Bari in tona maka asiri. Shekara tara ke nan da na ƙera ɗan gadon jarirai, na ɓoye shi a saman shago, na rufe da buhuna don kada Auta ta gani ranta ya ɓaci. Matata, Innarku, kaɗai ta sani, ta kuma tafi da sirrin shekara uku da suka wuce, Allah ya ji ƙanta. Ranar Juma'a na sa aka sauko da shi. Ko gara ba ta taɓa shi ba. Muna kiran yarinyar Baƙuwa, amma baƙuwar da ta karɓe gida: in ta yi barci, ko tari sai na fita waje.

Tun rasuwar Innarku, Auta da mijinta suka dawo wurina. Shi mijin nata, Akawu, yana nan a sito na ma'aikatar ayyuka, shekara shida yana aikin wucin gadi, an ce bana takardar tabbatar da shi za ta fito. Yaro ne mai kunya, ko ruwa ba ya sha a gabana.

Ajin yamma bai mutu ba. Yanzu a rumfar ƙungiyar kafintoci muke yi, Litinin da Laraba da Asabar, ƙarfe biyar, a kan bencinan nan da na ƙera tun zamaninka. Ɗalibai goma sha takwas, kuma ni ne mai riƙe rajista. Ka san da me muke koyon karatu? Da jadawalinka da jarida ke bugawa kullum safe: ƙarfe kaza ganawa da wane, ƙarfe kaza ziyarar wuri kaza. Ina yankewa in manna a littafi, sai kowa ya karanta layi ɗaya. Mai Faci ya ce shi dai ya gaji da karanta “ganawa”, wai kai ba ka cin abinci ne?

To, a cikin ganawar nan taka ina neman guda ɗaya. Ka zo ka ɗauki Baƙuwa. Ba ni da ƙane, ba ni da ɗa namiji, kai ne namijin da zan nuna mata in ce ga kawunta. Zumunta a ƙafa take.

Ni ne kawunka,
Kafinta

Talata, 18 ga Maris

Daga Ofishin Jagoran 'Yan Adawa

Ranka ya daɗe,

Muna sanar da kai cewa ƙorafinka ya iso wannan ofishi, an kuma ba shi lamba 412. Bayan dubawa, an sanya shi a rukunin Lafiya da Asibitoci, saboda ya shafi haihuwa da ciwon gwiwa. Mai girma Jagora yana ɗaukar matsalolin mata masu juna biyu da na tsofaffi da muhimmanci. Idan kana buƙatar ganawa, sai ka cike takardar da ke haɗe, ka bayyana dalili cikin layi uku.

Sakatariya,
a madadin Jagora

Litinin, 14 ga Afrilu

Malam Ƙarami,

Sallama da gaisuwa. Muna lafiya. Baƙuwa ta fara bin mutum da ido, ta kuma yi mini murmushi sau biyu, ko da yake Auta ta ce iska ce a cikinta. Gwiwa tana nan yadda take, tunda yanzu har lamba gare ta a ofishinka.

Amsar sakatariyarka ba ta ɓata mini rai ba. Na kai ta aji muka karanta, aka yi dariya har Mai Tumatir ta share hawaye. Mai Faci ya ce, “Malam, ashe jikar taka ƙorafi ce? Allah ya ƙara mana irin ƙorafin nan.” Na ce yarinyar ofis ce, ba ta san mu ba, aikinta ta yi. Takardar da ta ce in cike ma ina ajiye da ita, don dalilina ba zai shiga layi uku ba.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami daban ne.

Ranar Alhamis da ta wuce na sayi jarida da sassafe, sai na ga garinmu a jadawalinka. Sha ɗaya, masu sayar da katako. Ɗaya, asibiti. Biyu da rabi, ƙungiyar direbobi, wadda daga ofishinsu zuwa ƙofata ko mai gwiwa irin tawa ba ya minti goma. Sai kuma layi na huɗu: uku da rabi zuwa huɗu da rabi, babu komai. Shekara uku ina manna jadawalinka, ban taɓa ganin awa guda a buɗe ba. Na ce wa Auta, “Kin gani? Tamu ce. Bai so ya rubuta ba ne don ya ba mu mamaki.”

Na sa aka share ɗakinka, aka buɗe taga. Na goge teburin nan da ka ƙona da fitila. Auta ta yi girki kamar za a ciyar da unguwa, ta sa wa Baƙuwa rigar da ba ta taɓa sawa ba. Ni kuma na sa farar rigata, na fitar da kujera biyu ƙofar gida tun ƙarfe uku. Duk wanda ya wuce ya tambaya, na ce ɗana nake jira. Ban ɓoye ba, don me zan ɓoye?

Ƙarfe biyar na mayar da kujerun ciki.

Ranar Asabar a aji, layin ya faɗo kan Tela. Ka san shi da ɗaga murya in yana karatu. Ya karanta, “Uku da rabi zuwa huɗu da rabi,” sai ya tsaya, ya dube ni, ya ce, “Malam, nan rubutun ya goge.” Rubutu bai goge ba. Mai Faci da ba ya barin magana ta faɗi ƙasa, ranar nan sai ya duƙufa yana juya shafin littafinsa. Wallahi da dariya suka yi mini da ya fi mini sauƙi.

Ba kuɗi na roƙa ba, ba aiki na nemar wa kowa ba. Na san ka yi nisa, na san masu katako suna da ƙuri'a, jaririya ba ta da ita. Amma ka tuna daminar da rufin ɗakinka ya yi yoyo, muka kwashe littattafanka cikin kwandon Innarku, ka kwana a shago kan tulin katako kana ce mini in ka zama wani abu, ƙofar nan ce farkon wadda za ka ƙwanƙwasa? Ban riƙe ka da maganar yaro ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, kai ka koya mini karatu, kuma da karatun nan na karanta cewa ka fi son zama babu komai da ka zauna da ni. Da ban iya ba, da ban sani ba.

In na yi maka laifi ne, ka faɗa mini. Tsoho ma yana ba da haƙuri.

Kawunka

Lahadi, 25 ga Mayu

Kawu,

Ina gaishe ka da girmamawa, ina gaida Auta da angon ƙarni, ina kuma yi wa Baƙuwa barka da zuwa, ko da yake barkar ta tsufa a hanya. Mu duka lafiya. Wannan da hannuna na rubuta, za ka gane, don har yau “g” ɗina bai gyaru ba. Direban motar katako ne zai kawo maka, ba gidan waya ba, kuma babu tambarin ofis a jikin ambulan. In ka karanta za ka ga dalili. Sau uku ina farawa ina yagewa, shi ya sa ta daɗe.

Wasiƙarka ta farko ba ta zo hannuna ba sai bayan wata guda, ranar da Sakatariya take ba ni labarin wani dattijo da gwiwarsa ba ta samu labari ba. Na ce ta kawo mini fayil ɗin da gudu. Na karanta a tsaye, na zauna kamar yadda ka ce, na sake karantawa. Ni da kaina na ce a bar mini awa ɗaya ranar Alhamis. Ba ka yi kuskure ba, Kawu. Taku ce.

Ka san asalin jadawalin nan. Shekara uku da suka wuce aka baza cewa ina ganawa da mutanen gwamnati a ɓoye, an saye ni. Na tsaya gaban jama'a na yi alkawari: duk wanda na gana da shi, da inda muka gana, za a buga. In na shiga wani gida ba shiri, washegari sai an buga gyara. Ba ni da 'yan sanda, ba ni da baitulmali, wannan alkawarin kaɗai ne jarina. Abin da ban hango ba shi ne, ba masoya kaɗai ke yanke jadawalin suna ajiyewa ba.

A watan Janairu na sha ruwa a gidan wani shugaban makarantar firamare. Kafin sati uku aka mayar da shi wani ƙauye a bakin iyaka, tafiyar kwana biyu. A Fabrairu na je gaisuwar rasuwa gidan wani ma'aikacin asibiti, shi ma haka. Ba wanda ya ce don ni ne. Takarda ce kawai take zuwa.

Ranar Laraba, ana shirin kai jadawali jarida, na sake duba wasiƙarka, idona ya faɗa kan layin da ka rubuta cikin murna: Akawu, sito, wucin gadi, takarda bana. Na ɗaga alƙalami in rubuta sunan gidanka, na kasa. Na ce a sa babu komai, in na isa zan yanke shawara.

Na iso, Kawu. Na bar motocin ofis a wurin direbobi, na shiga ƙaramar motar wani abokina, muka tsaya a kwanar kantin magani. Na gan ka. Farar riga, kujera biyu. Sau biyu ka ja kujerar da ba kowa a kanta kana bin inuwa da ita, taka kuwa ka bar ta a rana. Auta ta leƙo da jaririya a kafaɗa, ka ɗaga mata hannu ta koma. Na kama marfin mota ya fi sau biyar. In na shigo na buga, za a iya jefa Akawu bakin iyaka, Auta ta bi mijinta, gadon da ka ɓoye shekara tara ya koma saman shago. In na shigo ban buga ba, na zama abin da suka ce ni ne. Haka awa ɗaya ta ƙare.

A ranar nan na yi jayayya da masu katako, na yi da shugaban asibiti, ban ji komai ba. Wannan layin da aka rubuta babu komai, shi ne aiki mafi wuya da na yi a shekarar nan.

Bana shekarata arba'in da biyar, daidai shekarunka ranar da ka fara zama a benci. Kai a lokacin ka iya cewa “ban sani ba, koya mini.” To, ni ma ban sani ba. Ka yafe mini.

Ɗanka,
Malam Ƙarami

Alhamis, 5 ga Yuni

Malam Ƙarami,

Sallama, da gaisuwa, da ban haƙuri. Muna lafiya. Baƙuwa ta fara ɗaga kai tana kallon duniya kamar mai binciken aiki. Wasiƙarka ta zo da ƙurar katako a jikinta, na karanta sau huɗu, a na biyun sai da na cire tabarau na goge.

An ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Wannan karon yaro ne a mota ya hango, babba yana kan kujera yana fushi. Na karanta layinka daidai, harafi bayan harafi, amma ban gane shi ba. Ni ne mai neman yafiya.

Na kira Akawu shago, na ba shi wasiƙar. Ya karanta kansa a ƙasa. Na ce, “Kai ka san da wannan?” Ya ce, “Baba, kowa a ma'aikata ya sani.” Na ce, “Ranar da nake ta shelar ɗana zai zo, me ya hana ka magana?” Ya ce, “Baba, tun rasuwar Inna ban ga ka sa farar rigar nan ba. Da ya shigo, ni zan zuba masa ruwa. Na dai riga na tambaya ko akwai asibitin yara a can bakin iyakar.” Ka ji irin surukin da Allah ya ba ni. Ni ina jan kujera, shi yana shirin ɗaure kaya.

Ba zan ɓoye maka ba, abin da ya fara zo mini shi ne in ce ka zo kawai kada ka rubuta, wa zai sani? Har na fara layin. Sai na tuna shekararmu ta farko a aji, ranar da aikin ƙofofin wani gida ya hana ni zuwa, na same ka a tsakar gida na ce ka sa mini alamar na zo, don kada a hana ni jarrabawa. Kana cin abincin matata a lokacin, amma ka ɗago ka ce, “Kawu, rajista ba ta san kawu ba.” Kwana biyu ban amsa gaisuwarka ba. Innarku ta ce, “Ka godewa Allah, yaron da ya ƙi yi maka ƙarya ba zai yi ƙarya a kanka ba.” Na soke layin.

Sai na yi abin da ɗalibi ke yi, na koma littafi. Na ɗauko jadawalinka na shekara uku, littafi bakwai, na shimfiɗa a kan teburin aiki, na bi su ɗaya bayan ɗaya har kwana biyu. Ga abin da na gano, in na yi kuskure ka gyara. In gidan mutum ka shiga, kana rubuta sunansa. In taro ka je, kana rubuta wurin, da sunan ƙungiyar, da yawan mutanen da ka gani, ba ka jera sunaye. Haka ka yi da masunta, haka ka yi da masu wankin mota, mutum talatin da biyu.

To, rumfar ƙungiyar kafintoci ba gidan kowa ba ce, ba ta gwamnati ba ce. Na bi rajista: a cikin ɗalibaina babu mai cin albashin kowa. Na faɗa musu gaskiyar magana, ban rage komai ba, na ce wanda ke tsoro ya zauna gida ranar. Mai Faci ya ce, “Ni wa zai yi wa canjin wurin aiki? Ruwan sama kaɗai ke tashina daga gindin bishiyata.” Mai Tumatir ta ce in an mayar da ita bakin iyaka ma, can ai ana miya.

Saura magana ɗaya. Ba na son ka buga goma sha takwas alhali mutum goma sha tara ka gani, kuma wadda ka zo dominta ce aka tsallake. Saboda haka na yi wa Baƙuwa rajista. Dokar da ka kafa tana nan: ba a ƙirga mutum ɗalibi sai ya zo sau uku. Auta tana kawo ta, suna zama bencin baya cikin mata, jiya ta cika zuwa na huɗu. Ba ta makara, ba ta satar amsa, surutu ne dai ya yi mata yawa.

Akawu ba zai zo ba. Ranar zai tsaya a sito har a tashi, inda kowa zai gan shi. Gidana ma ba za ka taka ba. Wannan ya yi mini ciwo, amma na auna, na ga ya fi sauƙin ɗauka.

In ya yi maka, ka zaɓi Litinin ko Laraba ko Asabar.

Kawunka

Juma'a, 13 ga Yuni

Kawu,

Gaisuwa da fatan alheri gare ku duka. Na ba lauyoyi biyu matsalar nan tun Afrilu, ba wanda ya warware ta. Na duba, ba ka yi kuskure ko ɗaya ba.

Laraba, 25 ga wata, ƙarfe biyar. Zan duba rajista da idona kafin in amince da lissafinka, ka san halina. Sakatariya ta ce in ba ka haƙuri, ta kuma tambaya ko a rufe fayil mai lamba 412. Na ce ta jira tukuna.

Ɗanka

Asabar, 2 ga Agusta

Malam Ƙarami,

Assalamu alaikum. Gaisuwa gare ka da iyali. Muna lafiya ƙalau. Baƙuwa ta fara juyawa da kanta, shekaranjiya na same ta a kife cikin gado tana faɗa da matashi. Gwiwa kuwa tun ranar nan ta rage gardama, ina jin ita ma zuwanka take jira.

Da gangan na yi shiru sati biyar. Kullum Akawu ya dawo daga aiki sai in dubi hannunsa kafin fuskarsa, ko akwai ambulan. Har yau babu takarda, ba ta canji, ba ta tabbatarwa. Yana nan, suna nan, gado yana ƙasa. Yanzu zan iya rubutu.

Akwai abubuwan da ba ka gani ba. Tela ya zo tun ƙarfe uku ya share rumfa, abin da bai taɓa yi ba. Mai Faci ya sa riga mai wuya, ya ce ta aro ce, kada kowa ya taɓa shi da alli. Da ƙarfe biyar ta wuce da minti goma ba ka iso ba, zuciyata ta fara komawa kan kujerun nan biyu. Sai Mai Tumatir ta ce, “Malam, zauna. Sannu ba ta hana zuwa.” Ba ta rufe baki ba ka shigo.

Ka yi furfura, ɗana. A rediyo ba a gani.

Na ji daɗi da ba ka yi mana jawabi ba. Ka karɓi rajista ka bi ta da yatsa kamar da, ka kira suna ɗaya bayan ɗaya. Da ka kai na ƙarshe, Auta ta ɗaga hannun yarinyar daga bencin baya, Mai Faci ya amsa mata da siririyar murya, “Na zo, Malam!” Sa'an nan ka ɗauke ta. Ta kama tabaranka, ta dube ka sosai, ta yi maka tumbuɗi a kafaɗa. Tela ya ce shekara uku gwamnati na neman ta ɓata maka riga ta kasa, ga wadda ta yi cikin minti ɗaya. Na so Innarku ta ga wannan. Da ita ce za ta ƙwace rigar ta wanke, tana yi maka faɗan ka rame.

Bayan tafiyarka, Akawu ya dawo gida ya tsaya a ƙofar shago, ya daɗe yana murza hularsa. Ya ce, “Baba, ya ɗauke ta?” Na ce ya ɗauka. Ya ce, “Ta yi kuka?” Na ce ba ta yi ba. Ya ce alhamdulillahi, ya shige ciki. Ranar ne karo na farko da ya sha ruwa a gabana.

Jaridar ranar tana littafi na takwas, shafin farko. Asabar ɗin da ta biyo na ba Tela layin, don shi ne rubutu ya goge masa wancan karon. Ya miƙe tsaye ya karanta, har masu wucewa suka waiwayo: “Ƙarfe biyar, rumfar ƙungiyar kafintoci, ganawa da ɗaliban ajin yamma, mutum goma sha tara.” Mai Faci ya ce, “Gaskiya ne, na ƙirga.”

Ni ma na yi nawa aikin. Na nemo tsohuwar rajistarmu, wadda bangonta ya cinye, na buɗe inda sunanka yake a saman shafi. Shekara ashirin da biyu babu alama a gabansa. Na sa maka: ya zo, a makare. Kada ka nemi in gyara, rajista ba ta san Jagora ba.

Ka ce wa Sakatariya ta rufe fayil, an biya mai ƙorafi. Ɗakin bayan shago dai ban rufe tagarsa ba, teburinka mai ƙuna yana nan. Ranar da takardar Akawu ta fito, ta zama ba mai iya taɓa shi, ka bar mini awa ɗaya, ka rubuta sunana a jadawali da manyan baƙaƙe. Ni zan karanta wa aji wannan layin da kaina.

Kawunka kuma ɗalibinka,
Kakan Baƙuwa